Igiyar da Ba Ta Kwana da Dutse Ba

Ranar Talata ce, da hantsi. Ina tsaye gaban allo a ajin matan aure da nake koyarwa a Gaya, na rubuta rabin jimla, sai waya ta yi ƙara a cikin jakata. Ba na ɗaga waya a aji, amma ta katse ta sake shigowa har sau uku. Da na ɗauka sai na ji muryar da ban sani ba. Mai maganar ya ce shi abokin ƙanena ne, ɗakinsu ɗaya a jami'a, ya tambaya ko ni ce Yaya. Na ce ni ce. Ya ce ciwon ya tashi shekaranjiya, sun kai shi asibiti, an ƙara masa jini, yau bayan sallar asuba Allah ya karɓi abinsa.

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambaye shi yaushe za su iso da gawar. Ya ce kafin la'asar, in Allah ya yarda. Na kashe wayar na juyo, na ga matan nan riƙe da fensir suna jira, sai na ƙarasa jimlar da ke kan allo, sannan na ce su tashi. Na aika a gaya wa maigidana a kasuwa, ni kuma na hau babur zuwa Toranke, domin ban so Baba ya ji daga bakin wani ba.

A kan hanya abin da ya fi tsaya mini a rai ba mutuwar ba ce. Mun daɗe da sanin cewa za ta iya zuwa kowace shekara, tun da da sikila aka haife shi. Abin da ya tsaya mini shi ne wani saƙon murya da ke cikin wayata, wanda ƙanena ya ce in saka wa Baba ya ji, ni kuma na ɓoye shi wata biyar.

Mu biyu ne muka rayu a ɗakin mahaifiyarmu, ni ta fari, shi auta. Ta rasu yana aji uku na firamare. Baba manomi ne kamar kowa a Toranke, amma an fi saninsa da tufkar igiya. Yana shuka rama a gefen gona, in ta isa ya yanke ya jiƙa a kududdufi, ya saɓe, ya shanya. Daga kaka har faɗuwar ruwa yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida, bakin igiya ɗaure a babbar yatsar ƙafarsa, yana murza sili biyu a ƙwauri. Yana yin igiyar guga, da dabaibayi, da dangwalin maruƙa. Da yake ƙanena ba ya iya riƙe fartanya, a nan ya girma, yana miƙa wa Baba rama da hannu ɗaya, littafi a ɗaya hannun.

Akwai wani tsohon dutsen niƙa a gindin bishiyar, wanda kakarmu ta daina amfani da shi tun kafin a haife ni. Duk igiyar da Baba ya gama sai ya tsoma ta a ruwa, ya ɗaura ta a reshe, ya rataya mata dutsen nan, ya bar ta har washegari. In gari ya waye tana nan, ya bi ta taƙi-taƙi da yatsa yana duba inda ta saki. Bai taɓa cewa igiyarsa tana da kyau ba. Abin da yake faɗa wa mai saye shi ne, "Ta kwana da dutse." Baba yana saurayi aka zura wansa rijiya da wata sabuwar igiya da aka sayo, ta tsinke, wan ya ƙare rayuwarsa yana jan ƙafa. Wani ɗan ƙanwar Baba da ya koya wa sana'ar ya taɓa kai igiya kasuwar Ajingi ba tare da ya rataya mata dutse ba. Igiyar ba ta tsinke ba, ba ta cuci kowa ba. Duk da haka Baba ya shekara bai amsa gaisuwarsa da fiye da kalma ɗaya ba.

Ƙanena ya yi karatu har ya wuce inda nake iya bin sa. Ni sakandare na gama aka yi mini aure. Shi ya karanta fiziks, ya yi digiri na biyu, ya shiga na uku, yana koyar da 'yan shekarar farko. Da Babbar Sallah ta ƙarshe da ya zo gida, muna zaune a gindin darbejiyar, aminin Baba, wani tsohon Bafulatani da ke sayen dangwali a wurinsa shekara da shekaru, ya dubi ƙanena ya ce:

"Kai, malam, wai me kake karantawa ne da ba ya ƙarewa? Sa'o'inka sun sauke sun yi aure, kai har yanzu kana biya allo."

Ƙanena ya yi dariya ya ce, "Baffa, ina neman sanin abin da aka yi duniya da shi ne."

"Da ƙasa da ruwa. Na gaya maka kyauta. Tashi ka je ka yi aure."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni ma ana tambayata a masallaci, sai in ce kimiyya. In aka ce wace iri, sai in yi tari. Ka yi mini bayani yadda zan iya maimaitawa."

Ƙanena ya fara, ya sarƙe, ya koma Turanci, ya dawo. A ƙarshe ya ce a ba shi lokaci ya shirya. Baba ba shi da babbar waya, kuma kunnensa na hagu ya yi nauyi. Sai aka tsayar cewa duk Alhamis zai aiko mini da saƙon murya, ni kuma in na je gaida Baba ranar Juma'a in saka masa, in maimaita abin da bai ji ba. Haka na zama ɗaliba ba tare da na nema ba. Nakan saurari saƙon sau huɗu ko biyar a madafa kafin in kai, don kada a tambaye ni in rasa ta cewa.

Saƙon farko a kan niƙa ne. Ya ce a ɗauki ƙwayar gero ɗaya a niƙa, a ɗauki ɗigon garin a sake rabawa, a yi ta rabawa da tunani bayan hannu ya gaza. Za a kai ga abin da ake kira ƙwayar zarra. Ita ma ba ita ce ƙarshe ba, tana da tsakiya, da wasu 'yan abubuwa da ke kewaye da tsakiyar. Tsakiyar ma an fasa ta an sami na cikinta. A ƙarshe sai aka tarar da 'yan ƙwayoyi iri kaɗan, waɗanda har yanzu babu wanda ya iya raba su. Dutse, da jini, da hayaƙi, da tauraro, duk da waɗannan 'yan ƙwayoyin aka haɗa su, tsari ne kawai ya bambanta.

Baba ya ajiye ramar ya ce, "To, ashe ni da jakin maƙwabcina kayan haɗinmu ɗaya."

Baffa yana nan a ranar. Ya ce, "Wannan ai mun daɗe da sani, kunya ce ta hana mu faɗa."

Na aika wa ƙanena wannan. Ya aiko da saƙon da babu komai a cikinsa sai dariya da tari.

Na biyu ya fi wuya. Ya ce masana suna da littafi biyu na dokokin halitta. Na farko na manyan abubuwa ne. Shi yake bayanin abin da ke jan guga zuwa ƙasan rijiya in an sake ta, kuma wannan jan shi ne yake riƙe wata yana zagaya duniya ba tare da an ɗaure shi ba. Na biyu na ƙanana ne, na haske da lantarki da 'yan ƙwayoyin nan na makon jiya. Kowane littafi an gwada shi sau ba adadi, bai taɓa ba da kunya a fagensa ba. Wayar da muke sauraronsa da ita ma da dokokin littafi na biyu aka ƙera ta. Matsalar tana wurin da abu yake da nauyi ƙwarai kuma yake ƙarami ƙwarai a lokaci ɗaya, kamar tsakiyar tauraron da ya mutu ya rufta cikin kansa har haske ba ya iya fita daga gare shi. A nan dole a buɗe littattafan biyu tare. In aka yi haka sai lissafin ya ba da amsa marar iyaka, wadda daidai take da babu amsa. Duniya kuwa ɗaya ce, bai kamata a ce dokarta ta rabu biyu ba ta jituwa ba. Abin da ake nema shi ne littafi ɗaya da zai haɗiye biyun.

Na shirya zan maimaita, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya ɗauki sili biyu ya nuna mini. Ya ce, "Na ji. Wannan mai kyau, wannan mai kyau. An zo haɗawa sun ƙi kama juna. Yana faruwa in murzar ba ta zo ɗaya ba. Ki ce masa na gane, ya wuce gaba."

A saƙo na uku muka fara jin wani sauti kafin muryarsa, tin, tin, tun. Ya ce robar ɗaure takarda ce ya miƙe a bakin kwano, don ba shi da garaya. Ya ce Baba ya tuna mai garayar da ke zuwa bikin mafarauta: tsirkiya ɗaya, in ya danne nan ta yi wannan kuka, in ya matsa ta yi wani, alhali tsirkiyar ba ta canza ba. Wasu masana sun ce watakila 'yan ƙwayoyin nan da aka kasa rabawa ba ɗigo ba ne kamar yadda aka ɗauka. Watakila kowace ɗaya 'yar tsirkiya ce, ƙarama fiye da duk abin da hankali zai kawo, tana karkarwa. In ta yi karkarwa iri kaza sai mu gan ta a matsayin ƙwayar lantarki, in ta yi wata iri sai ta zama ta haske. Ke nan ba abubuwa iri-iri ba ne, abu ɗaya ne mai kuka iri-iri. Abin da ya ja hankalin mutane, in ji shi, shi ne da aka zauna aka lissafa irin karkarwar da tsirkiyar za ta iya yi, sai aka tarar ɗaya daga ciki ta yi daidai da abin da ake bukata don ɗaukar jan nan da ke jan guga. Babu wanda ya saka shi da hannu, da kansa ya fito daga lissafin. Wato sili biyun nan da suka ƙi kama juna, a nan sun nuna alamar za su kama.

Baba ya sa na sake saka wannan sau biyu, saboda sautin robar. Ya ce yaron bai iya kiɗa ba.

Na huɗu shi ne wanda ni kaina ban gama yarda da shi ba har yau. Ya ce mun san gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Fuskoki uku ke nan, lokaci ya zama na huɗu. Amma lissafin tsirkiyar ba ya tsayawa sai in fuskokin sun kai goma. To ina sauran shidan? Ya ce in tsaya daga nesa in dubi igiyar shanya. Zan ga layi ne kawai, mai tsawo ba kauri, wanda za a bi gaba ko baya. Amma tururuwar da ke kan igiyar ta san akwai wata hanya, tana iya zagaya ta ta dawo inda ta tashi. Hanyar tana nan, ƙanƙantarta ce ta ɓoye ta. Haka ake zaton sauran fuskokin a nannaɗe suke a kowane wuri, sun yi ƙanƙantar da ba ma jin su. Yadda aka nannaɗe su shi yake yanke irin kukan da tsirkiya za ta iya yi. Hanyoyin naɗin kuwa suna da yawa ƙwarai, ba a san wanne ne namu ba. Aikinsa shi, da biro da takarda da kwamfuta, shi ne bin wasu daga cikin naɗe-naɗen nan ya ga irin duniyar da kowanne zai haifar.

Da yamma na ga Baba tsaye a tsakar gida kusa da igiyar shanya, hannunsa a baya, ya kai fuskarsa kusa da ita. Ban tambaye shi ba. Da zan tafi ya rako ni bakin hanya, abin da ba ya yi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata, maganar ta yi daɗi. Tufkar ta yi kyau a ido. Ki tambaye shi, ta kwana da dutse?"

Na aika da tambayar a ranar. Amsar ta zo ranar Lahadi, ba ta jira Alhamis ba. Ga abin da ya ce, na saurare shi har na haddace:

"Yaya, na san zai tambaya. Ki saka masa wannan yadda yake. Baba, ba ta kwana da dutse ba. Littattafai biyun can sun kwana, ita wannan ba ta kwana ba. Tsirkiyar ta yi ƙanƙantar da babu injin da ɗan'adam ya ƙera da zai iya ganinta, kuma ban ga alamar za a ƙera shi ina raye ba. Abin da muke iyawa shi ne mu duba a takarda ko lissafin yana cin karo da kansa. Wannan ba dutse ba ne, na sani. Akwai masana da yawa da suke ganin hanyar ba za ta ɓulle ba, suna bin wasu hanyoyin. Yana yiwuwa su ne da gaskiya. Saura tambayar da za ka yi mini nan gaba: to me ya sa mutum zai zauna yana tufka igiyar da ba shi da dutsen gwada ta? Ina da amsa, amma ka ba ni lokaci in gyara ta, kada ka kore ni daga gindin bishiya."

Ya yi 'yar dariya a ƙarshe.

Na kwana biyar da saƙon. Na tuna ɗan ƙanwar Baba da shekarar da ya yi yana gaisuwa ana amsa masa da kalma ɗaya. Na tuna shekarun da mutane suka yi suna cewa Baba ya sangarta ɗa, ya bar shi a inuwa da littafi shi yana rana. Makonni huɗun nan ne karo na farko da na ga Baba yana ɗaga kai in an ambaci karatun. Ranar Juma'a na ce masa wannan makon aiki ya yi wa ƙanena yawa, bai yi saƙo ba, waya ya kira.

"Me ya ce?"

"Ya ce sun gwada, Baba. Ta ɗauka."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. Ya ci gaba da murza.

Da ƙanena ya tambaye ni me Baba ya ce, na rasa abin da zan ƙirƙira, sai na ce ya yi shiru. A gidanmu an san ma'anar shirun Baba. Ƙanena ya ce to. Alhamis ta zo bai aiko da darasi ba, ta gaba ma haka. Ya ci gaba da aiko da gaisuwa, yana tambayar ƙafar Baba da yaran gidana. Sau ɗaya ya ce in ya zo Sallah zai zauna da Baba da kansa, irin wannan maganar ba ta waya ba ce. Ni kuwa na ce wa Baba darasin ya ƙare, iyakarsa ke nan. Na sa a raina cewa kafin Sallah zan warware. Saura mako shida Sallah aka kira ni a aji.

Na sami Baba a gindin darbejiyar. Da ya gan ni ranar Talata, ba ranar zuwana ba, ya kwance igiyar daga yatsarsa tun kafin in yi magana. Na durƙusa na faɗa. Ya yi salati, ya tambayi lokacin isowarsu, ya tashi ya tafi gidan liman. Motar ta iso bayan azahar. Aka yi masa sutura, aka kai shi bayan la'asar. Ni ina cikin gida da mata.

A kwana ukun zaman makoki ɗakin da nake zaune yana jingine da zaure, ana jin maganar maza. Mutane sun zo daga Ajingi, daga Balan, daga Gaya, har da malamansa na sakandare. In an yi addu'a an shafa, wani yakan tambaya me marigayin yake karantawa. A da Baba tari yake yi. Yanzu sai na ji shi yana bayani, a hankali, da muryar da yake cinikin igiya. Ya faɗi ƙwayar gero, ya faɗi littafi biyu, ya faɗi tsirkiya, har tururuwa. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Sannan ya rufe da cewa, "Kuma ba zance ba ne kawai. Na tambaya. Ta kwana da dutse." Mutanen da suka san shi sukan ce Allahu akbar, domin sun san ba ya faɗin wannan a banza. Na ji ya faɗa sau bakwai a kwana uku. Bayan haka na daina ƙirgawa.

Abokin ƙanena da ya kawo gawar yana zaune a zauren a rana ta farko. Da ya shigo yi mini sallama ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya fita.

Na bari aka yi bakwai. Na bari aka share makoki, baƙi suka watse. Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Kowace Juma'a ina zuwa da wayar a jaka in koma da ita. Abin da nake gaya wa kaina shi ne, wannan ne kaɗai abin da ya rage wa tsohon, kuma mai maganar ba ya nan balle ya kare kansa. Amma saƙon cewa ya yi in saka yadda yake. Ranar Juma'ar da ta biyo bayan arba'in na same shi shi kaɗai, yana tufka dabaibayi da ragowar ramar bara.

"Baba, akwai saƙon da ban saka maka ba."

"Na yaushe?"

"Na ranar da ka yi tambayar dutse."

Ya dube ni. Ya juyo da kunnensa na dama. Na saka. Wannan ne karo na farko da muryar ta fito a gidan tun rasuwar, kuma na ga hannunsa ya tsaya a kan ƙwaurinsa. Da ya ƙare ya ce in sake. Na sake. A wurin da ƙanena ya ce kada a kore shi daga gindin bishiya, Baba ya yi wani sauti a maƙogwaro, ban san ko dariya ba ce.

Wata akuya ta zo tana jan ramar, ya kore ta da ƙafa.

"Ya taɓa gaya wa wani cewa an gwada?"

"A'a, Baba."

"Ɗalibansa fa?"

"Abokinsa ya ce kullum da wannan yake fara musu, cewa ba a tabbatar ba."

"To shi bai sayar ba. Ya tufka, ya ce ga ta, ba ta kwana ba. Wannan ai ba laifi ba ne." Ya ɗauki sili ya duba ya ajiye. "Ke kika ba ni, ni na kai kasuwa."

Na ce ya yafe mini. Ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Sannan ya tambayi abin da na fi tsoro.

"Shi me kika ce masa na ce?"

"Na ce ka yi shiru."

Ya kwance igiyar daga yatsarsa, ya naɗe, ya shiga gida ya yi alwala, don lokacin masallaci ya yi. Da zan tafi da yamma na yi masa sallama, ya ce, "Ki gaida gida." Bai ce Uwata ba.

Abin da ya biyo baya daga bakin Baffa na ji. Ya ce bayan an idar da sallah Baba ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce wa mutane maganar da ya faɗa a zaman makoki akwai gyara, ilimin ɗansa ba a gwada shi ba tukuna, kuma ɗan da kansa ya faɗi haka tun yana raye. Yawancinsu ba su ma tuna zancen ba. Wani ya ce, "Haba, Malam, wa zai riƙe ka da wannan?" Baba ya ce shi ya riƙe kansa. Ranar kasuwa ya hau babur ya je Ajingi ya nemi waɗanda suka zo masa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya aika Balan. Malaman sakandaren da ke Gaya ni ya ba wa saƙonsu, na kai.

"Tsohon nan zai kashe ni da yawo," in ji Baffa. "Na ce masa ni ban fahimci tsirkiyar ba tun farko, balle in riƙe dutsenta. Ya ce duk da haka sai na saurara. Na tsaya a rana kamar saniyar sayarwa ya warware mini tas."

Mako uku Baba yana kirana da "ke". A na huɗu ina shigowa ya ce, "Uwata, kawo wayar nan." Bai yi maganar abin da ya wuce ba, ni ma ban yi ba. Tun daga ranar duk Juma'a sai mun saurari saƙonnin biyar a jere, daga gero har zuwa dutse. Ya fi son na robar. Har yanzu yana cewa yaron bai iya kiɗa ba.

In na biyar ya ƙare yakan yi tambaya ɗaya. Yana so ya san amsar da ƙanena ya ce yana gyarawa, dalilin da zai sa mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a kan igiyar da babu dutsen gwada ta. Ba da faɗa yake tambaya ba. Ya ce yaron ba wawa ba ne, in ya ce yana da amsa to yana da ita. Na taɓa gwada ba shi tawa, na ce watakila wani ne zai zo da dutsen a bayansu, ya tarar da igiyar a shirye. Ya ce wannan amsata ce, kuma ba ta da laifi, amma ba ita ya tambaya ba.

Na kira abokin ƙanena, ya ce shi ɓangaren karatunsa daban ne, ba su taɓa yin wannan maganar ba. Ya aiko mana da kayansa a jaka biyu. Na bi littattafan rubutunsa shafi-shafi, kusan duka lissafi ne da ba na iya karantawa. A bayan ɗaya daga ciki na sami shafin da ya rubuta da Hausa a sama, "Amsar Baba." A ƙarƙashinsa akwai layi biyu da ya soke sosai har biro ya huda takardar. Na ɗaga ta a rana, na juya ta baya, ban iya fitar da kalma ko ɗaya ba. Sauran shafin babu komai.

Na kai wa Baba ya riƙe, ya shafa wurin hujin da yatsa, ya ce in adana. Darasi na shida bai zo ba, kuma har yau ban sami wanda zai ba Baba amsar ba.